Sawu a Kan Toka

Kulu tana da shekara bakwai maciji ya sare ta a bayan gidanmu na Kurmin Mashi, cikin daminar 1955. Bayan magariba ya sare ta, amma ba ta gaya wa kowa ba sai da rana ta fito. Yarinyar ba ta da wauta, ba ta da taurin kai. Abin da na koya mata ne ta riƙe, ba ta kauce masa ba ko kaɗan.

Sunana Ɗahiru, kafinta ne ni. Ina aiki a wani shago kusa da babbar kasuwa, muna yin ƙofofi da tagogi da benci. Daga Zariya muka taso, ni da matata Hajara, bayan ƙyanda ta ɗauke mana tagwayenmu, Hasan da Husaini, cikin mako guda. Tun daga lokacin barcina ya lalace. Sai in farka sau uku sau huɗu, in kai yatsa bakin hancin yaran da suka rage, Kulu da ƙanwarta Asma'u da muke kira Ma'u, in ji ko suna numfashi. Hajara takan ce, "Malam, za ka tashe su fa." In ce to. Can an jima in sake.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a layin. Daga bayan katangarmu sai gonar dawar maƙwabcina Malam Idi, daga ita sai fadama, sai kurmi. A birnin Zariya abin da yaro ke ji da dare bai wuce haushin kare da kukan jaki ba. A nan kuwa da an yi sallar isha sai daji ya buɗe baki. Wani abu ya yi fito, wani ya yi tari kamar tsoho, wani ya bi gindin katanga da gudu. Kulu ta kasa sabawa. Takan ƙanƙame uwarta tana rawar jiki, fita fitsari ma ta ƙi, sai dai a wayi gari a shanya tabarma.

Kakana na wajen uwa maharbi ne a ƙasar Soba. Ina yaro ya nuna mini wata dabara: da yamma a tankaɗe tokar murhu, a baza ta a inda ake son sanin abin da ke wucewa, da safe a zo a duba sawu. Na ce a raina, yarinyar nan abin da ba ta gani ba ne ke ba ta tsoro, bari in nuna mata su ɗaya bayan ɗaya. Na roƙi Hajara ta riƙa tara mana toka a tsohuwar ƙwarya. Kullum kafin magariba ni da Kulu mu zagaya bayan gida mu baza ta, tsawon taku huɗu, tsakanin katanga da tarin itacen girki. In na dawo daga sallar asuba in tarar da ita tana jirana a bakin ƙofa, ido duk kwantsa.

"Wannan na wane ne?"

"Mai yatsu kamar na jariri? Bushiya ce. Ita ce kike jin tana kwaramniya a cikin ganye. Ƙwari take nema."

"Tana cizo?"

"In kin matso ta sai ta dunƙule ta zama ƙwallon ƙaya. Ita ce ke tsoronki."

"To wannan mai jan wutsiya fa?"

"Gafiya. Ɓarauniya ce, ita ta sace sabulun Innarki."

Kulu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ruga ta gaya wa uwarta an kama ɓarawon sabulu. Da dare kuma sai mu zauna a bakin ɗaki, in ce ta rufe ido ta saurara. Na koya mata tsiwar jaɓa da irin warin da take bari. Na koya mata kukan dila daga can fadama, da na yautai, tsuntsun nan da ke kwanciya a tsakiyar hanya idonsa na ƙyalli in an haska fitila. Ran wata Juma'a na kai ta cikin gari ta ga jemagu rataye a itatuwan mangwaro, kai ƙasa, suna barcin rana. Mujiya ce ta fi ba mu wahala, don Hajara da ta ji kukanta sai ta hau salati, ta ce wani zai mutu. Na ce wa Kulu mujiya mai gadi ce, irin mai gadin kanti, da rana barci, da dare aiki, kuma ɓeraye take gadi kada su cinye mana hatsi.

Malam Idi yakan leƙo ta kan dangarsa ya gan mu tsugune da sassafe.

"Ɗahiru, an buɗe makarantar ɓeraye ke nan? Ina allon?"

"Ga shi nan a ƙasa, Malam."

"To madalla. Ranar da gafiya ta yi sauka a aiko mini da wainar walima. Ke Kulu, ubanki ya rasa aikin yi."

"Baba Idi, jiya dila ya shiga gonarka," in ji Kulu. "Na ga sawunsa. Kai kana ta minshari."

Wata biyu ba a sake shanya tabarma ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Har a shago na riƙa ba da labari, ina cewa na cire wa 'yata tsoron dare.

Wata safiya muka tarar da sawun da ba ƙafa. Wani layi ne mai lanƙwasa, ya ratsa tokar daga gindin katanga ya shige ƙarƙashin itace. Kulu ta kai yatsa za ta bi layin, na fizge hannunta.

"Mene ne, Baba?"

"Maciji ne. Koma ciki."

Ba ta koma ba, ta tsaya daga nesa. Na kira Malam Idi, muka zo da sanduna muka shiga ɗaga itacen. Can ƙasa muka ji wata ƙara, shuuu, shuuu, ba ta tsayawa. Malam Idi ya ja da baya ya ce kububuwa ce, jikinta take gogawa in ranta ya ɓaci. Kafin mu ture sauran itacen ta sulale ta shige dawa. Muka sassabe ciyawar wurin, muka ƙona tsumma da barkono, Malam Idi ya ce ta tafi ke nan, ba ta dawowa inda aka tsangwame ta. Na tafi aiki a makare, yini guda ina auna katako ina kuskure.

A daren ranar muna zaune a bakin ɗaki kamar kullum. Ma'u, wadda ba ta cika shekara biyu ba, tana barci a cinyar uwarta. Kulu ta ce, "Baba, ita bushiya ƙwari take ci, mujiya ɓera. To shi maci..."

Ban san lokacin da tafina ya rufe mata baki ba. Da ƙarfi na rufe, har leɓenta ya bugi haƙori. A gidan da na tashi ba a kiran sunan wannan abu da dare. Manya in ta kama dole sukan ce igiyar ƙasa, su ma a hankali. Wannan abu ne ya kashe ƙanin mahaifiyata, kuma tsofaffi suka ce a daren da abin ya faru an ji shi yana labarinsa a dandali. Na yi shekara uku a elementare, na san abin da malaman boko za su ce game da wannan. Duk da haka da yarinyar ta buɗe baki sai na ji kamar abin yana bayan katanga ya ɗaga kai yana saurare.

"Ba a faɗin sunansa da dare," na ce mata. "Kin ji? Yana ji. In aka kira shi sai ya biyo muryar ya shigo ɗaki."

Hawaye ya cika mata ido. "Ko a hankali?"

"Ko a hankali. Ko sunansa, ko labarinsa, ko ki nuna da hannu. Komai ya faru, ki bari sai rana ta fito."

"In ya shigo wa zai sara?"

Da na ce mata ni zai sara, ko ita. Amma na san inda zuciyarta take, kuma ina so maganar ta zauna yadda ba za ta tashi ba. Na nuna cinyar Hajara.

"Ma'u. Ita ce ƙarama, da ita zai fara."

Hajara ta ce, "Haba Malam, wace irin magana ce wannan a kan yarinya?" Na ce ta bar ni, na san abin da nake yi. Kulu ta daɗe tana kallon ƙanwarta. Na ga maganar ta shige ta, na kwanta da sanyin rai.

Kwana tara bayan haka aiki ya tsare ni a shago. Akwai ƙofofi shida na wani sabon gida a Unguwar Sarki da za a ɗauka da safe, maigidan shago ya ce ba mai tafiya sai an gama. A nan muka yi magariba. Abin da ya faru a gida daga baya na haɗa shi. Kulu ta jira ni har duhu ya fara, ta ga ban zo ba, ta ɗauki ƙwaryar toka ta zagaya baya ita kaɗai, ba takalmi. Hajara tana bakin murhu da Ma'u a baya. Ta ce ta ji kamar ƙwarya ta faɗi, ta ƙwala kira, yarinyar ta amsa. Can ta gan ta ta shigo tana ɗingishi, ta wuce ɗaki. Ta tambaye ta ko ƙaya ta taka, ba ta tanka ba. Hajara ta ɗauka fushi take yi don ban dawo mun baza toka tare ba.

Da na shigo bayan isha na tarar da tuwonta a rufe ba ta taɓa ba. Tana kwance a kan tabarma ta naɗe da tsohon zanen uwarta tun daga wuya har tafin ƙafa. Na ɗaga fitilar ƙwai na haska fuskarta. Gumi ne a goshinta, ga jikin da zafi.

"Kanki ke ciwo?"

Ta girgiza kai.

"Ciki?"

Ta girgiza kai.

"To ina ne, uwata? Gaya mini."

Ta juya ido ta dubi inda Ma'u ke kwance, ta dawo da shi kaina. Hajara ta ce zazzaɓin damina ne, yaran layin duk sun yi, da safe za ta dafa mata ganyen darbejiya. Na yi addu'a na tofa a ruwa na ba ta, ta sha kaɗan. Na taɓa goshi, na taɓa wuya, na danna ciki. Ni da nake tashi sau huɗu in duba numfashi, ban ɗaga zanen nan na dubi ƙafarta ba.

Ban kwanta ba, na zauna kusa da ita na jingina da bango. Tana nishi a hankali, tana cije gefen zane. Da jirgin ƙasa na dare ya yi kuka daga tasha sai ta ce, "Baba, gari ya kusa wayewa?"

"Da saura. Yi barci."

Can mujiya ta yi kuka a kan tsamiyar Malam Idi.

"Mujiya ce," in ji ta.

"Ita ce."

"Ita ba ta yin komai. Gadi take yi."

"Haka ne."

"Baba, matsar da Ma'u can jikin bango. Kai ka kwanta ta bakin ƙofa."

Na ɗauka zafin zazzaɓi ne ke sa ta surutu. Don in kwantar mata da hankali na matsar da Ma'u, na koma bakin ƙofa. Sau huɗu ta sake tambayata ko gari ya kusa wayewa. A na ƙarshe har na ɗan yi mata tsawa, na ce wayewar gari ba a hannuna take ba.

Da aka kira asuba na ga ta yi lamo, na ce sauƙi ne ya samu. Na tafi masallaci. Bayan sallah na zauna na yi lazimi, na roƙa mata lafiya, har na tsaya muka gaisa da mutane. Da na dawo na tarar ta jawo jiki ta fito bakin ƙofar ɗaki, tana zaune a ƙasa cikin zanenta, ta kafa wa saman katanga ido. Hajara tana bayan ɗaki tana hura wuta.

"Me ya fito da ke cikin sanyin nan?"

Ba ta dube ni ba. Muna nan har hasken rana ya sauka a kan katangar, ja, kamar faɗin tafin hannu.

"Baba, wannan rana ce ko? Ta fito?"

"Ta fito."

"To maciji ya sare ni jiya."

Da ta buɗe baki na ga jini a tsakanin haƙoranta. Na yaye zanen. Ƙafar hagu ta kumbura har gwiwa, ta yi baƙi tana sheƙi, ga 'yan huji biyu a gefen idon sawu suna tsattsafar da jinin da bai daskare ba. Ƙasan zanen ya jiƙe sharkaf. Ban san irin ƙarar da na yi ba, sai dai na ga Hajara a kaina, na ga Malam Idi ya tsallako danga da carbi a hannu.

Malam Idi ya ce akwai mai maganin sara a Rigasa, a aika a ɗauko shi. Na ce kafin a je a dawo fa? Ya ce to ga kekensa. Kulu ba ta iya zama a kan keke, saboda haka Hajara ta ɗora mini ita a baya ta ɗaure da zane da majanyi, yadda mata ke goyo. Haka na hau na kama hanyar cikin gari. Leburori masu tafiya aiki suna nuna ni suna dariya, wani ya ɗaga murya ya ce, "Maigida, ina uwar ɗiyar ta gudu?" Ina jin kuncinta a tsakanin kafaɗuna, da ɗumin abin da ke fita daga bakinta yana ratsa rigata.

A asibiti wani malamin asibiti mai suna Malam Shehu ya karɓe ta ya kwantar a gado. Ya dubi ƙafar, ya buɗe bakinta ya dubi dasashi.

"Wane iri ne? An kashe shi?"

Na ce ban gani ba. Kulu ta ce, da 'yar muryar da ta rage mata, "Kububuwa ce. Ta yi shuuu, kamar in Inna ta zuba ruwa a kasko mai zafi."

Malam Shehu ya ce, "Kai, yarinyar nan ta san abu. Da ƙarfe nawa ya sare ta?"

"Jiya bayan magariba."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Jiya? Kai ne ubanta?"

"Ni ne."

"A gidan ka kwana?"

"A ɗakin na kwana."

"To me kuke jira tun jiya, bawan Allah? Sai ta mutu ku kawo ta?"

"Ban faɗa musu ba," in ji Kulu. "Ba a faɗa da dare."

"Wa ya gaya miki haka?"

Ta juyo ta dube ni. Ba ƙarata take kawowa ba. Irin kallon da take yi mini ne in ta canki sawu daidai, tana jira in ce madalla. Malam Shehu ya bi idonta ya dube ni, ya fita kiran likita.

Likitan Bature ne. Ya yi mata allura, ya sake yi da azahar, ya yi wa Malam Shehu magana da Turanci. Kaɗan na tsinta, amma na ji ya ambaci awa goma sha biyu, ya girgiza kai. Da na matsa wa Malam Shehu sai ya ce dafin irin wannan yana hana jini daskarewa, kuma jikin yaro ƙarami ne, dafin ya samu dare guda yana yawo. Ya ce a yi ta addu'a.

Ranar farko ta ɗan sha koko, har ta tambaya ko an ɗauko ƙwaryar da ta yar. Rana ta biyu jini ya fara fita ta hanci, fitsarinta ya zama ja, inda aka yi allurar ma ya ƙi tsayawa. Hajara ta zo da rana ta zauna, da yamma ta koma saboda Ma'u. Ni na kwana a ƙasa gefen gadon.

Cikin dare na biyu ta farka ta kira ni. Idonta a buɗe, amma sai da ta lalubo fuskata da hannu.

"Baba, kaina zai fashe."

"Sannu, uwata. Sannu."

"Ma'u tana ina?"

"Tana gida wurin Innarku, lafiyarta ƙalau."

"Bai shigo ba ko?"

"Bai shigo ba."

"Don ban faɗa ba ne."

Na riƙe hannunta. Gaskiyar tana bakina: cewa abin ba ya jin sunansa, ba ya bin murya, cewa da ta yi ihu tun a bayan gida da yanzu tana zaune tana cin tuwo, cewa tsorona ne na ɗora mata. Na dubi yarinyar da ta kwana da wuta a ƙafa tana cije zane saboda ƙanwarta. In na faɗa mata, da me za ta tafi?

"E," na ce. "Don ba ki faɗa ba ne. Kin tsare ta."

Ta saki numfashi, ta gyara kwanciya. Ba ta sake magana ba. Kafin kiran asuba Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an dawo daga maƙabarta Malam Idi da mutanen layi suka rushe tarin itacen nan gaba ɗaya. Kububuwar tana ƙasa a naɗe, ashe ba inda ta tafi. Suka kashe ta, tsawonta bai kai kamu biyu ba. Ni ban je na gani ba. Sai bayan addu'ar uku na iya zagayawa bayan gida. Ruwan sama ya wanke tokar duka, sai wuri ɗaya da na ga an kife da kwatarniya. Na ɗaga. Sawun ƙafarta ne guda ɗaya, na dama, yatsu biyar sun fito sarai. Hajara ce ta rufe shi tun ranar da muka tafi asibiti. Na mayar da kwatarniyar yadda take.

Hajara ba ta taɓa ce mini kai ne ba. Da ta faɗa, ina jin da ya fi mini sauƙi. Ta dai daina tara toka, kullum da safe ta kwashe ta kai juji. Masu zuwa gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare, ina amsawa da haka ne. Malam Idi ya daina yi mini ba'a. Da magariba nakan kulle ƙofa in toshe ƙasanta da tsumma, in Ma'u ta ji motsi ta tambaya mene ne, in ce ba komai, yi barci.

Haka muka yi shekara uku. A daminar 1958 Ma'u ta kusa shekara biyar, ta fara shanya mana tabarma kamar yadda yayarta ta yi. Wani dare bayan isha muna tsakar gida, Hajara tana tsince shinkafa a gaban fitila, sai yarinyar ta ce, "Baba, yaran gidan Baba Idi sun ce wani abu ne ya ciji Yaya Kulu ta mutu. Mene ne?"

Na buɗe baki. Na san abin da ya kamata in faɗa, na yi shekara uku ina shirya shi. Amma sai idona ya tafi gindin katanga.

"Gobe da safe..." na fara.

"Maciji ne," in ji Hajara.

Ba ta ɗago daga faifan ba. Ta faɗa da muryar da take kiran mai tallan manja.

"Maciji ne ya sare ta. Faɗi in ji."

"Maciji," in ji Ma'u a hankali.

"Da ƙarfi."

"Maciji!"

Daga bayan danga matar Malam Idi ta ce, "A'uzubillahi! Hajara, lafiyarki? Da daren nan?"

"Lafiya lau, Yaya Ramatu. Karatu muke yi." Ta ajiye faifan ta kama kafaɗun yarinyar. "In kin gan shi, ko kin ji ya taɓa ki, ko wani abu ya cije ki ba ki san ko mene ne ba, ki yi ihu. Da rana ne, da dare ne, ko ubanki yana sallah, ki yi ihu har Rigasa su ji. Kin ji ni?"

"Na ji, Inna."

Ma'u ta juyo wurina. "Baba, kai ma faɗi."

Su biyu suna kallona. Na faɗa. Muryar da ta fito ba ta fi ta mai raɗa ba, amma na faɗa. Hajara ta miƙe ta shiga madafa, ta fito da ƙwarya cike da tokar da ba ta gama hucewa ba, ta ajiye a gabana. Ta kawo takalman Ma'u ta ajiye kusa da ita.

Na ɗauki fitila da sanda, muka zagaya baya ni da yarinyar, na haska ko'ina sau biyu kafin in bar ta ta baza. Da suka yi barci na fito na zauna a bakin ƙofar ɗaki, sandar a kan gwiwata, ina kallon ƙasa. Jirgin dare ya yi kuka, mujiya ta yi nata, man fitila ya ƙare. Ban tashi ba har aka kira sallah.

Da gari ya waye Ma'u ta riga ni zuwa. Na same ta tsugune, ta sa takalman a juye, hagu a dama.

"Baba, zo ka gani. Wannan mai yatsu kamar na jariri, na wane ne?"

Na tsuguna kusa da ita. Sai da na bi tokar da ido daga wannan gefe zuwa wancan, na tabbata ba wani layi a cikinta, sannan na ce mata bushiya ce.